Rantsuwar da Ɗanmalam Ya Hana

Sunansa na yanka Habibullahi, amma ko a Zurgu inda aka binne cibiyarsa, in ka tambayi gidan Habibullahi sai an tsaya ana kallon juna. Ɗanmalam kowa ya sani. Mahaifinsa, Alaramma Ishiyaku, yana da makarantar allo a ƙofar gida da gonar dawa a bayan gari, kuma kowa ya ɗauka wannan yaro mai kyan rubutu shi zai gaji buzun. Ya yi sauka, ya yi hadda, amma hannunsa bai taɓa rabuwa da ƙananan ƙarafa ba. Rediyon gidansu ta sha warwara a hannunsa har ta gaji. Da Alaramma ya ga haka sai ya bar wa babban ɗansa makaranta, ya sa wa Ɗanmalam albarka ya ce ya je ya nemi abin da zuciyarsa ke so, muddin halal ne.

A Rano ya haɗu da wani ɗan bautar ƙasa da ya koya masa kwamfuta, shi kuma yana koya masa Hausa. Daga baya ya kama ɗan shago kusa da inda ake hawa motar Kibiya. Kwamfuta biyu ne a ciki, da firinta, da dogon benci, da wani janareto mai tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi. Lokacin ne aka fara cewa komai sai ta intanet: jarrabawar yara, takin gwamnati, neman aiki, har kujerar Makka. Mutane suka riƙa zuwa daga Dawaki da Unguwar Gai da ƙauyukan da ko wuta ba su da ita. Da yatsa biyu yake bugawa, a hankali, kuma bai taɓa tura takardar wani ba sai ya yi bisimilla.

Tsofaffin mata su ne manyan baƙinsa. Sukan zo ganin 'ya'yansu da suka tafi neman kuɗi Saudiyya ko Legas. In fuskar ɗan ta fito a allon kwamfuta, wata sai ta gyara mayafi, wata ta kai hannu za ta shafa, wata ta fara faɗa tun kafin a gaisa. Shi kuwa Ɗanmalam sai ya tashi ya fita waje ya tsaya a rana, don uwa ta yi kukanta ba idon kowa. Da yawa da ƙullin gyaɗa ko kuka suke biyansa. Yakan karɓa da hannu biyu.

Akwai abu ɗaya da muka san shi da shi, mu da muke zama a bencin nan kullum bayan la'asar. Ɗanmalam ba ya rantsuwa. Ko wallahin nan da ke fita daga bakin kowa kamar numfashi, ba a taɓa ji a bakinsa ba. Amininsa Dalhatu, tela ne a shagon da ke jikin nasa, shi ya fi kowa tsokanarsa.

"Ɗanmalam, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Rantse."

"Je ka tambayi Jumai, ita ta wanke kwanon."

Abin yana da asali. Yana yaro an taɓa kawo rigimar iyakar gona zauren mahaifinsa, wani mutum ya dafa Alƙur'ani ya rantse, alhali duk zauren an san ƙarya yake yi. Ɗanmalam na riƙe da butar alwalar. Yakan ce bai manta yadda mahaifinsa ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a gemunsa ba, kuma bai manta yadda mutumin ya ƙare ba, yana yawo a kasuwa yana magana shi kaɗai. Ko rantsuwar ce ta kama shi ko wani ciwo ne daban, Allah ne masani. Amma Ɗanmalam ya tashi da yaƙinin cewa wanda ya dafa Littafi a kan ƙarya ya haƙa wa kansa rami, kuma 'ya'yansa ma sai sun ji a jikinsu.

Matarsa Jumai 'yar Kibiya ce. Tana da ƙane, Jabiru, wanda a gidan Ɗanmalam ya yi sakandare tun daga ajin farko. Ɗanmalam ne ya saya masa keke, shi ya gyara masa karatun sallah, shi ya je neman masa aure. Tsakaninsu akwai wasan nan na miji da ƙanin mata. Jabiru kan shigo ya ce, "Yaya, yau ma mun zo karɓar 'yarmu, an ce ba ka iya cefane." Shi kuma ya ce, "Ɗauke ta, amma ka haɗa da kuɗin tuwon da ka ci a gidan nan."

Da wani kamfanin intanet daga Kano ya kafa ƙarfen sabis a kan dutse yana neman wakili a yankin, Ɗanmalam ne ya kai Jabiru ya tsaya masa. Kuma shi ya fara sa hannu aka ɗora masa ɗan farantin kama sabis a kan rufin shago, don yaron ya samu abin nuna wa manyansa. Ana biya duk wata. Sabis ɗin yana da kyau, shago ya ƙara cika.

Sai aka yi wata iska a farkon damina, irin wadda ke zuwa da jan hadari. Ta kwashe rufin ajujuwa, ta karya darbejiya, ta kwantar da ƙarfen sabis ɗin a kan dutse. Kamfani ya ce mako mai zuwa za a gyara. Makon ya zo ya wuce, wata ya kama. Ɗanmalam ya koma jona wayarsa a kwamfuta yana lallaɓawa, tsofaffi na ganin fuskar 'ya'yansu tana tsayawa cak baki a buɗe.

Ana cikin haka matar Jabiru ta haihu, namiji. Ranar suna muka ɗunguma Kibiya da sassafe. Da liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Habibullahi. Ɗanmalam bai san za a yi masa takwara ba. Ya rufe fuska da hannun riga, Dalhatu na zungurarsa yana cewa, "To, yau dai sai ka sayi rago na biyu." Bayan an shafa fatiha an raba goro, Ɗanmalam ya ja Jabiru gefe, can bayan katanga inda ake feɗe rago. Ya yi masa godiya, ya sa masa abin da ya sawwaƙa a aljihu, sannan ya ce:

"Jabiru, layin nan a rufe mini shi. Ba zan iya biyan abin da ba ya aiki ba. In an gyara ƙarfen ma sake magana."

"An gama, Yaya. Gobe-goben nan."

Shi ke nan maganar. A hanyar dawowa ya faɗa wa Dalhatu, Dalhatu ya ce, "Ya ba ka takarda?"

Ɗanmalam ya kalle shi kamar ya zage shi. "Takarda? A hannun ƙanin Jumai? Ranar da ya sa wa ɗansa sunana?"

Dalhatu ma ya ji kunyar tambayar. A wajenmu neman takarda a wurin ɗan'uwa daidai yake da ce masa ban yarda da kai ba.

Sai bayan an yanke dawa aka tayar da ƙarfen. Ba a jima ba takardar kamfani ta iso shago, ana neman kuɗin duk watannin damina da kaka, har da tarar jinkiri. A ƙa'idarsu wai layi na ci gaba da cin kuɗi har sai mai shi ya sanar da wakili a rufe, kuma su a wajensu ba a taɓa sanarwa ba. Ɗanmalam ya yi dariya ya ce kuskuren ofis ne, ya kira Jabiru. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari ma haka. Da ya je Kibiya aka ce ya tafi Kano. Abin da ya biyo baya shi ne masinjan kotun shari'a da sammaci a hannu, ya yi sallama a ƙofar shago mutane na zaune a benci.

Jumai ta ɗauki mayafi ta tafi gidansu. Da ta dawo idanunta sun kumbura. Ta zauna a bakin gado.

"Malam, Jabiru ya ce bai kai maganar ba. Da yawan layuka ake biyansa, kuma mutane sun yi ta rufewa bayan iskar. Ya ɗauka za a gyara da wuri, ya lallashe ka. Yanzu ya ce in ya amsa, korarsa za su yi, su kuma ɗora masa kuɗin, har da 'yan sanda."

"To me ya ce zai faɗa a kotu?"

Ta ja bakin zane ta toshe baki.

Kuɗin ya fi ƙarfin shagon gaba ɗaya, amma ba shi ya hana Ɗanmalam sukuni ba. Shi mutum ne da ake kira shaidar ɗaurin aure da rabon gado, wanda in ya ce haka aka yi, magana ta ƙare. Yanzu ga shi za a tsayar da shi a gaban alƙali a ce ya ci haƙƙin mutane.

Ranar zama kotun ta cika, don kowa ya san shi. Manajan kamfani ya zo daga Kano da jakar takardu, Jabiru na bayansa, kansa a ƙasa. Manajan ya karanta da'awarsa. Alƙali, wani dattijo mai sanyin murya, ya juyo.

"Habibullahi, ka ji abin da ake nema a wurinka. Me za ka ce?"

"Allah ya gafarta Malam, sabis bai yi aiki ba tun farkon damina. Kuma na gaya wa wakilinsu ya rufe."

"A rubuce?"

"Da baki."

"Wa ya ji?"

"Allah ya ji."

"Shi kam yana jin na kowa. Ina nufin mutum mai kunne biyu da zai zo nan ya tsaya."

Aka ɗan yi dariya. Dalhatu ya miƙe daga baya ya ce shi an gaya masa a hanya. Alƙali ya ce, "Kana wurin da aka yi maganar?" Ya ce a'a. "To zauna, Malam tela." Sannan ya kira Jabiru.

"Ya gaya maka ka rufe layinsa?"

Jabiru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban tuna ba."

"Muhutina bai iya rubuta ban tuna ba. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Manajan ya waiwaya ya kalle shi. Jabiru ya ce, da muryar da sai an kasa kunne, "Bai faɗa ba."

Ɗanmalam ya kai hannu ya dafa ƙarfen da ke gabansa.

Alƙali ya yi bayani a fili. Tunda Ɗanmalam ne ya ce ya sanar kuma ba shi da shaida, rantsuwa ta hau kan wanda ya musa. In Jabiru ya rantse da Alƙur'ani ba a gaya masa ba, kamfani ya ci shari'a. In ya ja baya, rantsuwa ta dawo kan Ɗanmalam, in ya yi an sallame shi. Ya sa rana, ya ce a masallacin da ke jikin kotu, bayan la'asar.

Dalhatu ya fito yana murna. "An gama! Yaron nan a gidanka ya tashi, ba zai iya dafa Littafi ba. Zai ja baya. Ranar nan dai za mu ji ka rantse, ko da sau ɗaya kafin mu mutu."

Ɗanmalam ma haka ya sa rai. A kwanakin nan ya yi ta shirya zuciyarsa ga rantsuwar farko a rayuwarsa, yana gaya wa kansa a kan gaskiya ce. Kullum kuma yana sauraron sallamar Jabiru a ƙofar gida. Bai zo ba.

Ranar, bayan an idar da la'asar, mutane suka ƙi tashi. Alƙali ya zauna kusa da mumbari, ya ce Jabiru ya je ya sake alwala. Daga inda Ɗanmalam yake zaune yana hango shi ta ƙofa. Ya ga butar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi, ya ɗauka ya sake cikawa. Ya ga yadda yake kai ruwa har bayan gwiwar hannu yana cuɗawa, yadda shi da kansa ya koya masa a tsakar gida. Jabiru ya shigo da ruwa a fuska ya durƙusa. Muhuti ya kwance gafaka ya fito da Alƙur'ani, ya ɗora a kan ɗan matashi. Alƙali ya yi masa wa'azi a kan rantsuwar ƙarya, ya tambaye shi ko yana da abin faɗa. Ya girgiza kai. Aka ce ya miƙo hannu.

Ya miƙo. A nan Ɗanmalam ya gane yaron zai yi. Tsoron manaja da 'yan sanda ya rufe masa ido, zai dafa. Abin da ya zo wa Ɗanmalam a rai shi ne jaririn nan na Kibiya da aka raɗa wa sunansa, wanda ko zama bai iya ba. Bai san lokacin da ya taso ba. Ya cafke wuyan hannun Jabiru kafin yatsunsa su sauka.

"Allah ya gafarta Malam, na janye maganata. Zan biya."

Masallaci ya ɗauki guna-guni. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Habibullahi, ka san abin da kake faɗa? In ka janye, hukunci a kanka zai faɗa."

"Na sani."

"Wani ya tilasta ka?"

"Babu. A mayar da Littafin gafakarsa kawai."

Alƙali ya daɗe yana kallonsu, shi da Jabiru, wanda har lokacin hannunsa ke cikin na Ɗanmalam. Sannan ya sauke numfashi ya ce shi da zahiri yake hukunci, na ɓoye yana wurin Mai shi. Ya roƙi manajan ya yafe tarar, ya yafe. Sauran aka ce a biya.

A waje Dalhatu ya tare shi a fusace.

"Me ka yi haka? Ka bar shi ya rantse mana, ya ga ta kansa!"

"Sai in zauna a shago ina jiran in ji abin da ya same shi?"

"Shi ya jawo!"

"Dalhatu, in ya dafa, kuɗin dai zan biya. Yanzu ma zan biya. Bambancin kawai yaron bai dafa ba."

"Da sunanka fa? Ka san abin da za a ce?"

"Na sani," in ji shi. Ya sa takalminsa ya tafi gida a ƙafa, ya manta da babur ɗinsa a ƙofar kotu.

Kwamfutocin suka tafi, firinta ta tafi, janareto mai tari ma aka samu mai saye. Abin da Dalhatu ya ji tsoro kuma ya faru. Aka ce Ɗanmalam ya ga Alƙur'ani ne ya tsorata, don ya san shi ne mai ƙarya. Aka ce ashe rashin rantsuwar nan tasa wayo ne. Ba wanda ya faɗa masa a ido. Sai dai aka yi rabon gado a layinsu ba a kira shi ba, aka ɗaura auren 'yar maƙwabcinsa aka nemo wani shaida daga wata unguwa. Mu da muka san gaskiya muka so mu yi ta faɗa a gari, ya hana. Ya ce in magana ta koma Kano, abin da ya tare ne zai dawo kan yaron ta wata ƙofa.

Ya kwashe iyalinsa ya koma Zurgu, ya karɓi gefen gonar mahaifinsa. Hannun da ya saba da madannai ya yi kanta da fartanya. In mun kai masa ziyara yakan shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, ya tambayi kowa da kowa, har tsofaffin nan masu 'ya'ya a Saudiyya, wa ke haɗa su yanzu. Dariyarsa tana nan amma ta gajarta. Jumai ta yi rantsuwa ba za ta ƙara taka gidan Jabiru ba. Da Sallah ta zo, Ɗanmalam ya sa Dalhatu ya ɗinka 'yar riga da hula, ya miƙa mata.

"Kai wa takwarana."

"Malam, ba zan iya kallon fuskar ubansa ba."

"Ba ubansa na aike ki wurinsa ba. Ki je."

Ta je. Jabiru kuwa bai taɓa zuwa Zurgu ba. In ya hango ɗayanmu a kasuwa sai ya sauya layi.

A damina ta biyu ciwo ya kama Ɗanmalam. Ya fara da kumburin ƙafa, aka kai shi asibiti aka dawo, ya ƙi ci ya ƙi sha. Bai yi doguwar jinya ba. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar yayansa, ana karanta masa Yasin.

Aka yi masa sutura aka fito da shi ƙofar gida, inda makarantar allon mahaifinsa take. Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata, har da waɗanda suka daina gaishe shi. Kafin a tayar da sallah, limamin Zurgu, tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, ya yi tambayar da ake yi a kan kowane mamaci. Ya ce duk wanda ke bin Habibullahi wani abu, ko Habibullahi ke bin sa, ya faɗa yanzu kafin a kai shi, ko ya samu iyalinsa daga baya.

Sai wani ya motsa daga sahun ƙarshe. Jabiru ne. Ba wanda ya ga zuwansa. Ya rame, rigarsa duk taɓon hanya. Ya ratso sahu har gaban makara, ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

Liman ya karkato kunne. "Me ka ce, yaro? Ɗaga murya."

Ya sake faɗa, muryar ba ta fito sosai ba.

"Ban ji ba fa."

Sai Jabiru ya ɗaga kai ya faɗa da ƙarfi, kamar wanda ake cire wa ƙaya:

"Ya gaya mini! Ranar suna ya gaya mini in rufe! Ni ne ban kai ba. Yaya bai yi ƙarya ba!"

Ya durƙushe a wurin. Daga cikin gida muka ji kukan Jumai ya tsinke. Dalhatu, da bai zubar da hawaye ba tun safe, ya juya ya kifa fuskarsa a katanga. Dattawan da suka raba gado ba su kira shi ba suka sunkuyar da kai. Kowa ya ji, na sahun gaba da na baya, har matan da ke bayan zaure. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne wanda ke kwance a gabanmu cikin likkafani.

Liman ya share ido da gefen rawani ya ce a daidaita sahu.

Allah ya jiƙan Habibullahi ɗan Alaramma Ishiyaku, ya haskaka makwancinsa, ya ba Jumai da 'ya'yanta haƙurin rashinsa.